Na'urar da Na Kulle a Durowa

Haƙorana biyu na gaba ba nawa ba ne, na roba ne. Idan na tsaya gaban mutane a taron ƙasashen waje ina jawabi, da harshe nake tallafe su, don in na zaƙe da magana sai su nemi zamowa. Wata abokiyar aikinmu 'yar Kenya ta taɓa tambayata a wajen cin abinci, na ce mata faɗuwa na yi. Ban yi ƙarya gaba ɗaya ba, na faɗi ɗin. Amma sai da aka sauke mini muciya a baki tukuna, kuma matar da ta sauke mini ita ba ta zalunce ni ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A Yakasai aka haife ni, aka kai ni aure Dukawuya, na yi shekara da shekaru a ɗakin haihuwa kafin in san akwai wani abu wai shi bincike. Abin da na fi tsana a aikin nan shi ne jijjiga. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Mace mai ciki tana zaune lafiya ana hira, ta ce kanta yana sarawa, sai ka ga ido ya juye, jiki ya sandare, ta fara buga kai da ƙasa, haƙora su datse harshe, jini da kumfa su cika baki. Na taɓa ganin mata huɗu sun danne yarinya ɗaya ta watsar da su. Abin haushin kuwa, ciwon nan ba ya shigowa babu sallama. Jini ne yake hawa tun makonni kafin nan, duk wanda ya ɗaura mata abin awo a dantse zai gani. Maganin ma yana nan, an san shi tun kafin a haife ni. Matan ne ba sa isowa hannunmu sai sun fara bugawa.

Wani farfesa da muke aiki tare shi ya jawo ni. Ya ce akwai wani sabon fanni da ake ƙoƙarin tsayar da shi da ƙafarsa, ilimin aiwatarwa. Na ce me ke nan kuma? Ya ce ilimin gano abin da ya sa maganin da aka tabbatar yana ceton rai yake maƙalewa a littafi da kabad ɗin asibiti, bai isa cikin lungu ba, da kuma yadda za a isar da shi.

Na ce, "Farfesa, ai wannan ita ce mitar da muke yi kullum a ɗakin hutawa."

Ya yi dariya ya ce, "To ita ce yanzu aka sa wa kwat."

Jami'o'i ne daga ƙasashe huɗu suka haɗa kai: ɗaya a Turai, ɗaya a Bangaladash, ɗaya a Kenya, sai mu. Fannin jariri ne, manyan likitoci suna kallonsa a matsayin surutu kawai, don haka ake son a yi aiki iri ɗaya a ƙasashen duka, da ƙa'ida ɗaya, yadda in sakamako ya fito ba mai cewa dace aka yi. Za a ba ungozomomin unguwa wata 'yar na'urar awon jini mai fitila uku. Kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a sa ido, ja a ɗauki mace a ruga asibiti. Ni ce zan riƙe aikin cikin birni. Ranar da ya gaya mini na yi murna har na kasa cin abinci.

A nan Kano aka yi taron tsara aikin, kwana uku a ɗakin taron wani otal mai sanyin da ke sa ciwon kai. A rana ta farko na yi maganar wankan jego, sai na ga wani matashin Bature ya ɗago yana murmushi, yana rubutu da sauri, ya ce don Allah in maimaita, abin sha'awa ne. Da aka koma maganar lissafi kuwa, ko kallona ba wanda ya yi. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce a zuciyata, wato ni ce mai kawo tatsuniya, su ne masu ilimi. Ni kuwa mace ce mai zuciya, kowa a gidanmu ya sani. Na ƙudurce ba zan ƙara buɗe baki in ambaci wata al'ada ba har a tashi.

A rana ta biyu aka haska taswirar birni a bango. Wadda ta tsara aikin wata dattijuwar Baturiya ce mai furfura, ba ta da hayaniya, tana da wani ɗan baƙin littafi da take rubuta duk abin da aka faɗa. Ta yi bayani cewa za a raba unguwanni ta hanyar ƙuri'a, wasu su samu na'ura yanzu, wasu su jira shekara guda, sannan a kwatanta. Sharaɗin ɗaya ne: na'ura ba za ta ƙetare iyakar unguwa ba, in ta ƙetare kwatancen ya lalace. Sai ta bi mu ƙasa bayan ƙasa da tambaya guda: shin mai ciki tana zama a gidan da aka rubuta ta har ta haihu? Likitan Bangaladash ya ce a'a, a wurinsu gidan ubanta take komawa. Nan take aka ce to sashensu sai an sake masa tsari, su dakata, a fara da sauran. Na ga yadda bawan Allah ya sunkuyar da kai yana juya biro. Sai ta juyo gare ni.

Ko yarinyar da ake aike sayen daddawa a birnin nan ta san goyon ciki. Mace in ta yi cikin fari, da ya kai wata bakwai iyayenta za su ɗauko ta ta dawo gida, a nan za ta haihu, a nan za ta yi wanka har arba'in. Ni kaina na yi. Daga Dukawuya aka ɗauko ni aka dawo da ni ɗakin mahaifiyata, naƙuda ta zo mini da gaggawa, kafin a samo mota ungozomar unguwarmu ta karɓi 'yata ta fari a kan tabarma. Kuma na fi kowa a ɗakin taron nan sanin cewa masu cikin fari su jijjiga ta fi kamawa. Farfesa namiji ne, ɗan boko tun kakanni, hankalinsa bai kai can ba. Ni kaɗai ce na sani. Na dubi likitan Bangaladash, na dubi matashin nan da bironsa a ɗage yana jiran wata tatsuniyar.

Na ce, "A cikin birni ba sa motsawa sosai."

Baturiya ta rubuta a littafinta, ta ce madalla, aka wuce batu na gaba.

A ƙofar gidan wani mai unguwa aka ja ƙuri'a, daga cikin hularsa, baƙi suna ta ɗaukar hoto suna jin daɗi. Unguwar da na taso a ciki ta faɗa cikin masu samu yanzu. Maƙwabciyarta ta faɗa cikin masu jira. Abin da ya raba su a taswira jan layi ne mai kauri. A ƙasa kuwa wani ɗan lungu ne da kwata a tsakiyarsa, wanda in mai tura kurar ruwa ya shigo sai kowa ya manne da bango.

Ungozomar da ta karɓi 'yata tana nan da ranta, a bakin lungun nan gidanta yake. Iya muke ce mata. Gajeriya ce, baƙa, bakinta ja da goro, hannayenta ƙanana masu ƙarfin tsiya. Rabin unguwar ta hannun nan suka shigo duniya. Ba ta karatun boko, amma cikin kwana biyu ta iya na'urar fiye da 'yan matan da suka gama sakandare. Jakar da take rataya ta kuwa wata matashiya ce mai ɗinki ta ɗinka mata da ragowar atamfa, har da 'yar igiya ta ratayawa a wuya. Matashiyar nan tana da cikin fari, gidan mijinta a ɓangarenmu yake, ni da hannuna na rubuta ta. Mai yawan dariya ce. In ta gan ni sai ta ce, "Anti, ku dai ku auna mu da kyau, kada in haifo muku shugaban ƙasa ku ce ba ku sani ba." Da cikin ya kai wata bakwai, iyayenta suka ɗauke ta. Gidansu yana kallon gidan Iya, a ƙetaren kwata.

Abin da ban lissafa ba shi ne na'urar tana tona asiri. Duk inda aka kunna ta sai ta aika da wurin can Turai. Wata safiyar Laraba na buɗe kwamfuta a ofishinmu da ke wajen Ƙofar Nassarawa na tarar da saƙo, an zagaye ɗigo biyu da ja, an ce an yi awo a wajen iyaka, a yi bayani. An saka Farfesa a saƙon, an saka mutanen Kenya, an saka har da na Bangaladash ɗin da ke dakace. Farfesa ya kira ni ya ce in wannan ya ci gaba za a cire Kano daga lissafi, kuma in tuna an sa sunana cikin masu zuwa babban taron haɗin gwiwar, karo na farko da za a ji ta bakin nas ba likita ba. Na ajiye waya. Ko mayafi ban gyara ba na tari adaidaita sahu.

Na sami Iya a soron gidanta tana ɓare goro, jakar a wuyanta.

"Iya, ina kika kai na'ura shekaranjiya?"

"Gidan su yarinyar nan mai ɗinki. Ɗorawa ta nuna, karo na biyu ke nan. Ƙafarta ma ta ƙi shiga takalmi."

"Ba na ce kada ta ƙetare ba?"

"Ƙetare ina? Kwatar nan? Haba 'yar nan, in na yi tari a ɗakina daga can suke ce mini sannu."

"Ƙa'ida ce, Iya. Yanzu tana unguwar masu jira. Ta je awo asibiti kamar kowa."

"An ba ta Talata mai zuwa. Ba ke kika rubuta ta da hannunki ba?"

"A gidan mijinta na rubuta ta."

Ta dube ni ta tauna goronta. "To cikin ya zauna a gidan mijin ne, ita ta taho?"

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta ba ni na'urar. Ta ce ba za ta bayar ba sai yarinyar nan ta sauka. Na miƙa hannu na kama jakar, ta riƙe da hannu biyu. Na ja, ta ja. Tsohuwar da ta yanke wa 'yata cibi, ni da ita muna kokawa a soro kamar yara a kan ƙwallon mangwaro. Na fizga da ƙarfina duka, igiyar ta gurje mata wuya ta tsinke, kanta ya bugi bango, goron ya watse a ƙasa. Ta dafe ƙeyarta. Na ce mata, ina haki, gobe zan zo da abin awon asibiti wanda ba ya aika komai ko'ina, in duba yarinyar da kaina. Na koma ofis na jefa na'urar a durowa na murɗa makulli, na rubuta wa Turai cewa an magance matsalar.

Da gaske nake zan je. Amma Alhamis da safe aka yi taro ta bidiyo da ya kai mu azahar, daga nan na tafi neman fasfo, na dawo gida a gajiye. Na ce Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Juma'a da hantsi wayata ta yi ƙara. Iya ce, ba sallama, ba gaisuwa. Ta ce, "Ta fara."

Tun daga bakin lungu na jiyo ihun mata. Na sami yarinyar nan mai ɗinki a tsakar gidansu kusa da turmi, jikinta ya lanƙwashe baya, dugaduganta suna dukan siminti har sun fashe. Wata ta cusa mata cokali a baki, ta datse shi, haƙori ya karye, jini yana bin kuncinta yana shiga kunne. Uwarta ta danne mata kafaɗu tana kiran sunan Allah, ita kuma tana ɗaga uwar sama tana saukewa. Na ture mai cokalin har ta faɗa kan kwanuka, na juya yarinyar a gefenta, na yi ta ihu a kawo abin ɗauka. Mota ba ta shiga lungun, adaidaita ma ba ya shiga. Yayyenta maza biyu suka ciro ƙyauren banɗaki da ƙarfi suka ɗora ta a kai. A tsakiyar lungu ta sake bugawa, ta zame, kanta ya daki gefen kwata, na ji ƙarar a cikin haƙorana. A cikin adaidaita ta ciji yatsana har ƙashi, ban ji zafin ba sai daga baya. Mutanen asibiti sun yi iyakar ƙoƙarinsu, na san aikin, na ga abin da suka yi. Aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace da rai. Ita kuwa ba ta farfaɗo ba, kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Kafin a kai ta makwancinta labari ya gama unguwa: Turawa ne suka hana a auna ta. Turawa sun raba birni biyu suna gwaji da matan mutane. Na ji da kunnena a wajen wanka, na yi shiru. Shirun ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ranar sadakar uku Farfesa ya ce lallai mu je gaisuwa da sunan aikin. Ya tsaya wajen maza, ni na shiga ciki. Gidan cike yake da mata, ana tuƙa tuwon sadaka a gefe a babbar tukunya. Iya tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta ɗaure wuyanta da ɗankwali. Na durƙusa gaban uwar na ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Ta miƙe a hankali kamar mai zuwa alwala, ta je wurin mai tuƙi ta karɓi muciyar daga hannunta, tuwo yana ɗiga yana turiri. Na ga tana tahowa, na san abin da za ta yi, ban kauce ba.

Bugun farko a baki ya same ni. Na ji haƙorana a kan harshena kamar tsakuwa, tuwo mai zafi ya manne mini a kumatu. Na kife. Sai gidan ya rikice. Wata ta tuge mini hijabi ta shaƙe ni da shi, wata ta kwaɗa mini ludayi a ka, takalma suna sauka a bayana, wata ta taka mini yatsan da ke ɗaure. Uwar tana ihu da muryar da ban taɓa jin irinta ba: "'Yar aiken Turawa! Kun ce ta jira! Ga ta can ta jira! Ku je ku auna ta!" Ta ɗaga muciyar da hannu biyu a kan ƙeyata. Da ta sauka, da wani ne yake ba da labarin nan. Iya ce ta faɗo kaina ta tare muciyar da hannunta na dama. Na ji ƙas, kamar an karya rake. Tsohuwar ta yi ƙara ɗaya ta zube a kaina.

Ƙarar nan ce ta tsayar da kowa. A waje kuwa yayyen mamaciyar sun ji hayaniya, suka far wa motar aikin da duwatsu da faskare, suka farfasa gilasai, direba ya bar ta ya gudu. Dattawan unguwa suka tura Farfesa cikin masallaci suka tsaya a ƙofa. Ni kuma wasu mata biyu suka ja ni ta ƙofar baya, jini yana zuba a gabana, ƙafata ɗaya ba takalmi. Farfesa ya so a kai magana wurin hukuma. Na rubuta masa a takarda, don bakina ba ya buɗuwa, cewa duk ranar da ya yi haka na bar aikin.

Bayan mako biyu aka kira taron gaggawa ta bidiyo, ƙasashe huɗu, kowa a ɗan akwatinsa a fuskar kwamfuta. Leɓena a ɗinke yake, Farfesa ne ya yi bayani, shi ma a lokacin ya fara jin kalmar goyon ciki a matsayin matsalar aiki. Ina kallon Baturiyar nan. Ta jawo baƙin littafinta ta yi ta buɗe shafuka baya, baya, har ta tsaya a wani. Ta karanta. Ta ɗago ta dube ni, kallon da na ji kamar babu teku a tsakaninmu. Na jira ta karanto wa kowa. Sai ta rufe littafin ta ce ita ta tsara aikin, ita ta ja layin, laifin nata ne. Har yau ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, ni ma ban taɓa ba, kuma mun zauna kusa da juna a jirgi ya fi sau uku.

Aka dakatar da aikin, aka sake tsari. Tsarin da likitan Bangaladash ya zauna ya gyara a lokacin da aka dakatar da shi, shi aka ɗauka a ƙasashen duka: na'ura mace take bi, ba gida ba. Haɗin gwiwar bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi, wasu ƙasashen suka shigo, aka buɗe kwas a jami'o'i, ɗalibanmu suna zuwa can, nasu suna zuwa nan. Labarin Kano ya zama darasin da ake koyarwa, ba suna, ba unguwa: yadda masana daga nesa suka ja layi ba su saurari mutanen wuri ba. Kuma wa ake gayyata ta yi jawabi a kan muhimmancin sauraron mutanen wuri? Ni. A tafa mini, in sauko, in shiga banɗakin otal in cire haƙoran in wanke in mayar.

Hannun Iya mai ɗori ya ɗora, ya warke a karkace. Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Ba ta ƙara karɓar haihuwa ba. Nakan je gaishe ta duk wata, in kai mata goro da sabulu, mu yi hirar duniya, ba ma taɓa waccan maganar. Jaririyar kuwa ta rayu, kakarta ce ta rene ta. Ina ganinta tana wasan 'yar carafke a bakin soro in na zo wucewa, dariyar uwarta sak.

A bara, bayan na dawo daga wani taro inda aka miƙe tsaye ana tafa mini, na tafi wurin Iya ko jakata ban kwance ba. Na same ta tana fama da goro da hannun hagu, na karɓa na ɓare mata. Na ce, "Iya, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Turawan nan sun tambaya. Sun tambaye ni ko mata suna komawa gida haihuwa. Na ce ba sa komawa."

Ta jefa goro a baki, ta daɗe tana tauna.

"Na sani," in ji ta. "Tun ranar da kika tsinke mini igiya na sani. Bature ina ya san goyon ciki? Ke na karɓa wa haihuwa a ɗakin uwarki."

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Ranar nan, da kin faɗa…"

"Da sun kashe ki. Hannu ɗaya na bayar, ban da na biyu da zan ƙara."

Na fashe da kuka, irin kukan da ban yi ba ko a ranar da aka fasa mini baki. Na kama karkataccen hannun na ce ta yafe mini. Ta zare hannunta, ba da faɗa ba.

"Nawa hannu ne, 'yar nan, na yafe tun tuni. Amma uwar mamaciyar, baiwar Allah, kullum ta yi salla sai ta kai ƙarar mutanen da ba ta taɓa gani ba. Shekara huɗu tana Allah ya isa, ba ta san wa take yi wa ba. Ba ni za ki gaya wa ba." Ta nuna ƙofa da haɓa.

Na fito na tsaya a bakin kwatar. Na ratsa ƙasashe ina magana a kan lungun nan, ban taɓa lura taku huɗu ne ba. Na cire haƙoran na ƙulle su a bakin mayafi, don in za a sake, kada a yi asarar su. Yarinyar, wadda ke carafke a bakin soronsu, ta bar duwatsunta ta ruga ciki tana cewa an yi baƙuwa. Na bi ta har bakin labule na yi sallama.

Daga ciki kakar ta amsa, ta ce, "Wace ce?"

Na ce, "Hajiya, ni ce wadda ta kulle na'urar."